Jinyar Wanda Ba Zai Warke Ba: Inda Asibitoci Ke Kuskurewa

Akwai maganar da ake yawan faɗa wa dangin mara lafiya a bakin ƙofar ɗakin jinya: "Mun yi iya ƙoƙarinmu, babu sauran abin da za mu iya yi." Rabinta gaskiya ce. Mai yiwuwa ciwon dajin ya bazu har hanta da ƙashi, ko zuciya ta gaji, ko ƙoda ta tsaya kuma wankinta ba zai ƙara masa komai ba. Amma mutumin yana nan kwance, gadon bayansa na zugi, ya kwana biyar bai yi bayan gida ba, leɓensa ya bushe ya tsattsage, kuma ba wanda ya zauna ya gaya masa halin da yake ciki. Duk waɗannan suna da magani, yawancinsu ma mai araha. Wannan ne fagen jinyar sauƙaƙa wahala, wato kula da mai ciwo mai tsanani ta fuskar raɗaɗi da sauran damuwar jiki da ta zuciya, shi da iyalinsa, ko ana sa ran warkewa ko ba a sa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar irin wannan jinya kowace shekara, amma kusan 14 cikin 100 kaɗai ke samu. Ba kuma masu ciwon daji ne kaɗai ba. A cikin manya, masu ciwon zuciya da hanyoyin jini sun fi su yawa, ga masu ciwon huhu mai daɗewa, da ƙoda, da hanta, da shanyewar ɓarin jiki, da gigin tsufa. A 2014 babban taron hukumar ya zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su sanya wannan jinya cikin tsarin lafiyarsu tun daga ƙananan asibitoci. Ƙuduri dai an yi shi. Abin da ke faruwa a kan gadon asibiti da ƙarfe uku na dare shi ne ma'aunin gaskiya, kuma abin da aka tsara tun da rana ne ke yanke shi.

Kuskuren farko na lokaci ne. Ana kiran masu wannan aiki sai numfashi ya fara sarƙewa, har ma'aikata da dangi suka ɗauke su tamkar masu shelar ajali. A 2010 aka wallafa wani bincike da aka yi a babban asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka, kan mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya riga ya bazu. An raba su gida biyu: wasu suka samu maganin daji kawai, wasu aka haɗa musu da jinyar sauƙaƙa wahala tun daga lokacin da aka gano ciwon. Kashi na biyu sun fi jin daɗin rayuwa, ƙuncin zuciya ya yi musu sauƙi, kuma ba a tsananta musu magani a ƙarshen rayuwa kamar sauran ba. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne sun ma fi daɗewa a duniya, wata 11.6 a tsaka-tsaki, sauran kuwa 8.9. Bincike ɗaya ne a asibiti ɗaya, bai kamata a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba, amma ya rushe tsoron cewa kiran waɗannan ma'aikata da wuri yana gajarta kwana.

To yaushe ne "da wuri"? Likitoci ba gwanayen hasashe ba ne a nan. Wani bincike da aka fitar a 2000 ya nuna cewa likitocin da ke tura majinyata gidajen jinyar ƙarshe suna ninka kwanakin da suka rage wa mutum kusan sau biyar a hasashensu, kuma wanda ya fi daɗewa da sanin majinyacin ya fi kuskure. Don haka aka fi dogara da alamu na zahiri: kwanciya asibiti sau biyu ko fiye cikin wata shida ba tare da shiri ba, rama da ba ta tsayawa, wuni a gado fiye da rabin rana, ko mutum ya fara cewa ya gaji da maganin. Wasu asibitocin suna sa likita ya tambayi kansa a kowane zagaye: zan yi mamaki idan wannan mutum ya rasu cikin shekara guda? Idan amsar a'a ce, lokacin fara shiri ya yi. Tambayar ba ta da daidaito sosai, amfaninta shi ne tana tilasta wa mutum ya tsaya ya yi tunani.

Sai batun ciwo, wanda a nan ne aka fi yin ɓarna alhali ilminsa ya daɗe da zama. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku: farasitamol da danginsa ga ciwo mai sauƙi, kodin ko tiramadol ga matsakaici, mofin ga mai tsanani. Ƙa'idar ita ce a ba da magani ta baki in dai mutum na iya haɗiya, kuma a ba da shi bisa agogo. Rubuta "a ba shi idan ya buƙata" shi ne tushen wahalar da yawa. Ma'anarsa a aikace ita ce sai ciwon ya dawo, majinyaci ya daure iya dauriya, ya aika a kira nas, nas ta gama abin da take yi, ta nemo makullin akwatin magani, ta nemo wadda za ta sa hannu tare da ita, sannan maganin ya ɗauki rabin sa'a kafin ya fara aiki. Mutum ya sha azabar sa'a biyu kenan, sau shida a rana.

Ga yadda lissafin yake ga babban mutum da bai taɓa shan irin wannan magani ba. Ana farawa da mofin na ruwa ko ƙwaya mai saurin aiki, miligiram 5 kowace sa'a huɗu, ko 2.5 ga tsoho ko wanda jikinsa ya yi rauni. Biyar sau shida ya zama miligiram 30 a kwana ɗaya. Tare da wannan sai a rubuta wani na ko-ta-kwana, don ciwon da ke tasowa tsakanin lokutan sha, adadinsa kashi ɗaya cikin shida na jimillar yini, wato 5 a wannan misali. Washegari a duba takarda: idan ya karɓi na ko-ta-kwanan sau uku, jikinsa ya nuna 45 yake buƙata, sai a raba shida, a koma ba shi 7.5 kowace sa'a huɗu, na ko-ta-kwanan ma ya koma 7.5. Ba a ƙara fiye da rabin adadin jiya a tashi ɗaya. Idan ciwo ya lafa aka san adadin da ya ishe shi, ana iya komawa ƙwaya mai jinkirin narkewa da ake sha kowace sa'a 12, wadda ba a daka ta ba a tauna ta, domin hakan na sakin maganin sa'a 12 gaba ɗaya. Ranar da haɗiya ta gagara, sai a raba jimillar ta baki biyu a ba shi ta allurar ƙarƙashin fata. Mai shan 60 ta baki, 30 zai samu ta allura. Mantawa da wannan rabon na cikin kurakurai masu haɗari, haka ma tsayar da maganin kwatsam don mutum ya daina haɗiya.

Duk wanda aka fara wa mofin, a rubuta masa maganin sassauta ciki irin su sena ko bisakodil a rana ɗaya, a takarda ɗaya. Tashin zuciya da gyangyaɗi sukan wuce cikin 'yan kwanaki, amma taurin bayan gida ba ya wucewa muddin ana shan maganin. Ana raina wannan, alhali kashi da ya daskare a hanji yana kawo amai, da riƙewar fitsari, da ruɗewa ga tsofaffi, wani lokaci ma da zawayi mai ruwa da ke zagaye daskararren ya fito, sai wanda bai duba ba ya ba da maganin tsayar da zawo ya ƙara dagula lamarin.

Tsoron mofin ya kasu biyu: cewa zai kama mutum, da cewa zai tsayar masa da numfashi. Idan aka hau adadin a hankali daidai da ciwo, tsayawar numfashi abu ne da ba kasafai ake gani ba, kuma barci mai nauyi ne ke riga shi zuwa, don haka mai lura zai gani. Inda haɗarin yake da gaske shi ne ƙoda. Ta fitsari ne ragowar mofin ke fita, to idan ƙoda ta raunana sai ya taru. Alamunsa su ne barcin da ya wuce kima, fizgar gaɓoɓi, gane-gane, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya sauka ƙasa da takwas a minti. Maganin abin shi ne a rage adadi, a tsawaita tazara, ko a sauya zuwa wanda bai dogara da ƙoda ba kamar fentanil. Shi ma fentanil na mannawa a fata yana da tarkonsa: yakan ɗauki sa'a 12 ko fiye kafin ya kama aiki, ana sauya shi bayan sa'a 72, zazzaɓi ko zafi na sa jiki ya zuƙe shi da sauri, kuma bai dace da ciwon da ke hawa da sauka ba. Allurar fetidin kuwa, da har yanzu wasu ke so, ba ta dace da ciwo mai daɗewa ba. Aikinta gajere ne, ragowarta kuma na iya jawo farfaɗiya.

Ba kowane ciwo ne ke jin mofin ba. Wanda majinyaci ya kwatanta da ƙuna, ko tsira allura, ko jan lantarki, daga jijiya yake, ya fi jin amitiriftilin, a fara da miligiram 10 da dare, ko gabafentin. Ciwon daji da ya ci ƙashi sau da yawa zama ɗaya na gashi da na'urar haske ya isa ya kwantar da shi, ba sai an yi ta jigilar mara ƙarfi mako biyu ba. Mai ciwon daji da ya fara kukan sabon ciwon baya tare da nauyin ƙafafu ko riƙewar fitsari, a ɗauka ciwon ya danne laka har sai hoto ya nuna akasin haka. A ba shi dekzametazon miligiram 16 nan take, domin jinkirin kwana ɗaya na iya zama bambanci tsakanin tafiya da ƙafa da shanyewa. Sannan akwai ciwon da ake ta ƙara magani ba ya motsi. Cicely Saunders, wadda ta kafa gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967, ita ta fara jan hankalin likitoci kan cewa ciwon jiki na cuɗanya da tsoro, da tunanin 'ya'yan da za a bari, da bashi, da rikicin da ba a sasanta ba, da damuwar mutum game da makomarsa. Irin wannan, sai an zauna an saurara, a kira wanda majinyacin ya yarda da shi ta fuskar addini ko shawara.

Duk wannan lissafi banza ne idan babu maganin a kantin asibiti. Rahoton kwamitin mujallar likitanci ta Lancet na 2017 ya nuna cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na mofin da danginsa da ake rabawa a duniya. Tsada ba ita ce matsalar ba, garin mofin na cikin magunguna masu araha. Doka ce da tsoro. Indiya, wadda ke noman tsiron da ake samar da mofin daga gare shi, ta kafa doka mai tsauri a 1985 da ta sa asibiti sai ya tara lasisi iri-iri, kafin na ƙarshe ya fito na farko ya ƙare, sai amfani da mofin a asibitoci ya faɗi warwas, har aka gyara dokar a 2014. Yuganda ta bi wata hanya: ana dama garin mofin da ruwa a zuba a kwalabe, kuma tun 2004 aka ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta shi, saboda likitoci ba sa kai wa ko'ina. Annobar shaye-shayen irin waɗannan magunguna a Amurka gaskiya ce, kuma darasi ce kan tallan kamfanoni da rubuta magani barkatai. Abin da take koyarwa shi ne a kulle akwati, a riƙe rajista, mutum biyu su ƙirga su sa hannu, ba a bar mai ciwon dajin ƙashi yana ihu ba.

Sarƙewar numfashi ta fi ciwo firgita mutane. Da zarar an ga haki sai a jawo tukunyar iskar oksijin, amma bincike ya nuna cewa ga wanda iskar jininsa ba ta yi ƙasa ba, oksijin bai fi iskar ɗaki amfani ba. Zaunar da shi ya ɗan sunkuyo gaba, ƙaramar fanka tana kaɗa masa a fuska, da mofin kaɗan, sun fi taimako. Gyambo mai wari da ke hana 'ya'ya shiga ɗakin mahaifinsu, dakakken metronidazol da aka barbaɗa a kai yakan kashe warin cikin kwana biyu zuwa uku.

Magana da majinyaci ita ce aikin da aka fi gudu. Tana da tsari kamar kowace tiyata. A samu wuri mai sirri, likita ya zauna, kada ya tsaya a kan mutum. Ya fara da tambaya kafin bayani: "Baba, me ka fahimta game da ciwon nan zuwa yanzu?" Sannan ya nemi izini: "Kana so in gaya maka komai dalla-dalla, ko akwai wanda ka fi so in yi magana da shi?" Wasu suna son sani, wasu ba sa so, dukansu suna da haƙƙi. Idan za a faɗa, a fara da gargaɗi cewa sakamakon bai zo yadda aka so ba, a faɗi abin a jimla ɗaya ko biyu da kalmomin da mutum ke ganewa, sannan a yi shiru. Yawancin likitoci a nan suke faɗuwa, shirun ya yi musu nauyi sai su cike shi da sunayen gwaje-gwaje. Idan aka tambayi saura kwana nawa, kada a ba da lamba. A ce kwanaki, ko makonni, ko watanni. Ma'aunin da ƙwararru ke bi shi ne saurin lalacewar jiki: wanda ake ganin canjinsa wata-wata yana da watanni, wanda ake gani mako-mako yana da makonni.

Sau da yawa dangi kan tare likita su ce kada a gaya masa. Ƙauna ce ta kawo haka, ba a yi musu tsawa. A tambaye su abin da suke tsoro, a yi musu alkawarin ba za a ɗora masa abin da bai nema ba, amma a gaya musu ba za a yi masa ƙarya ba idan ya tambaya. Galibi majinyacin ya riga ya gane, yana ɓoyewa ne don kada ya tayar musu da hankali, kowa na kare kowa, kuma a haka damar wasiyya da neman gafara da sallama ke wucewa. A wannan zaman ne ake tambayar inda yake so ya ƙarasa kwanakinsa, da wanda zai yi magana a madadinsa idan baki ya rufe, da batun danna ƙirji idan zuciya ta tsaya. Ga mai ciwon daji da ya bazu yana kwance, danna ƙirji da wuya ya mayar da shi gida, sai dai karayar haƙarƙari da mutuwa a kan na'ura. Duk abin da aka yanke a rubuta shi inda ma'aikacin dare zai gani, in ba haka ba tamkar ba a yi ba. A kuma bayyana wa kowa cewa barin danna ƙirji bai hana sauran magani ba.

Kwanakin ƙarshe suna da alamu: barci ya yawaita, an daina sha'awar ci da sha, haɗiya ta yi wuya, fitsari ya ragu, hannu da ƙafa sun yi sanyi sun canza launi, numfashi na zuwa yana ɗaukewa. Babban likita ne ya kamata ya tabbatar, bayan ya kore abin da ake iya gyarawa kamar cutar da ƙwayoyi suka kawo, ko yawan sinadarin kalsiyam a jini, ko maganin da ya yi yawa. Daga nan a tace takardar magani. Maganin kitsen jini da na ƙarin kuzari ba su da sauran amfani, na hawan jini da na sukari sukan koma cutarwa ga wanda ba ya ci, ɗibar jini kullum kuma azaba ce kawai. A madadinsu a rubuta allurai huɗu na ko-ta-kwana tun kafin a buƙace su: mofin don ciwo da haki, midazolam miligiram 2.5 zuwa 5 don firgici, haloferidol don amai da ruɗewa, da hayosin, wanda aka fi sani da Buscopan, miligiram 20 don kakarin majina.

Dangi sukan roƙi ƙarin ruwa, don ganinsu yunwa da ƙishirwa ne za su kashe shi. Bayanin da ya kamata su ji shi ne ciwon ne ya hana shi ci, ba rashin cin ne ya kawo shi nan ba. Jikin da ke rufewa ba ya iya sarrafa ruwa da yawa, sai ya taru a ƙafafu da huhu. Ana iya gwadawa kwana ɗaya a gani, in bai taimaka ba a cire. Bushewar baki ce ke damunsa, kuma wannan aiki ne da dangi za su iya karɓa: jiƙa baki da auduga ko tsumma mai tsabta kowace sa'a, shafa mai a leɓe, kurɓin ruwa idan yana so. Kakarin da ake ji a maƙogwaro ya fi damun masu sauraro fiye da mai yinsa. Juya shi kan gefe ya fi zura bututun zuƙa, wanda ke sa shi kakarin amai. Idan kuma ya shiga fizge-fizge, kafin a kai hannu ga allurar barci a taɓa mararsa. Mafitsara da ta cika tana sa wanda ba ya iya magana ya yi ta birgima, robar fitsari kuma ta kwantar da shi cikin minti kaɗan.

A nan akwai gargaɗi daga Birtaniya. An taɓa samar da wani tsarin jinyar kwanakin ƙarshe a Liverpool, aka yaɗa shi asibitocin ƙasar. Niyyar mai kyau ce, amma a wurare da dama ya koma takardar cike gurbi: a ɗora mutum a kai ba tare da sanar da dangi ba, a hana shi ruwan da yake iya sha, ba a sake dubawa ko ya farfaɗo. Bayan binciken da aka yi a 2013 aka janye shi. Asibitin da ya kwafi takarda bai horar da mutane ba, haka zai ƙare. Hukuncin cewa mutum na gab da rasuwa hasashe ne, a sake duba shi kowace rana.

Ƙwararrun wannan fanni ba za su taɓa isa ba, don haka gyaran na gaskiya shi ne kowane likita da nas su iya na yau da kullum, ƙwararru su riƙe masu wuya. Jihar Kerala ta Indiya ta nuna yadda 'yan sa-kai da aka horar, tare da nas mai zagayawa, ke ɗaukar kaso mai yawa na aikin a gidaje. Sallama daga asibiti kuwa ita ce inda igiyar ta fi tsinkewa. Wanda zai koma gida ya tafi da maganin da zai kai shi ranar da zai samu wani, da takardar da ta nuna adadi da lokaci, da lambar wayar da za a ɗauka da dare, kuma a koya wa mai jinyarsa juya shi kowace sa'a biyu zuwa huɗu don gudun gyambon kwanciya. In babu waɗannan, motar asibiti za ta dawo da shi cikin mako, ya ƙarasa a ɗakin gaggawa, wurin da ya ce ba ya so.

Asibitin da ke son sanin matsayinsa ba ya buƙatar dogon bincike. Ya ɗauko fayil 20 na waɗanda suka rasu a baya-bayan nan ba mutuwar fuju'a ba, ya duba: an auna ciwonsu daga 0 zuwa 10 an rubuta, kamar yadda ake rubuta zafin jiki? Masu shan mofin nawa aka haɗa wa maganin sassauta ciki? Kwana nawa kafin rasuwa aka zauna da dangi, kuma wa ya zauna da su? Sau nawa mofin ya yanke a kantin magani cikin wata shida? A maimaita bayan wata shida, a kuma kira wasu daga cikin iyalan bayan makonni a ji ta bakinsu, domin abin da suka gani da dare ba ya cikin fayil.